Injin Aro

Su huɗu ne a gidan. Akwai Baba, wanda ya ajiye aikin ofis ya koma zaman ƙofar gida da rediyonsa. Akwai Inna, mai ɗinki a kan tsohon keke a bakin ɗakinta. Akwai Yaya, direban motar haya, sai Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karatun ƙera injuna. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne ruwan famfo. Rijiya ce a tsakar gidan, mai zurfin gaske, kuma jan guga ya cinye kafaɗar Inna har ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali sai ta cije leɓe.

Ita ma Auta akwai abin da ta rasa, sai dai ba wanda ya sani a gidan. Duk shekarun da ta yi a jami'a, hannunta bai taɓa sauka a kan injin da ke aiki ba.

A allo suka koyi komai. Malaminsu mutumin kirki ne, mai sanyin murya, wanda alli ya farar da yatsunsa. Zai zana injin da kyau, har da inuwarsa, sannan ya juyo ya ce, "Ku ɗauka ga shi nan a gabanku. Ku ɗauka kun kunna shi." Da haka ɗalibai suka raɗa masa Malam Ku-Ɗauka. Ɗakin aikin sashen yana nan a bayan azuzuwa, dogon ɗaki mai rufin kwano, amma ba kome a ciki sai karyayyun kujeru da gawar wani injin da tsatsa ta gama da shi.

Kowane ɗalibin shekarar ƙarshe dole ya ƙera wani abu kafin a sallame shi. Auta ta zaɓi famfon da ake takawa da ƙafa, kamar yadda Inna ke taka kekenta, don kafaɗa ta huta. Ta gama zane, ta gama lissafi, ta tara bututu da fata da kusoshi. Abu ɗaya ya tsaya mata: sandar ƙarfen da za ta riƙa hawa da sauka a cikin bututun. Sai an sassaƙe ta daidai, ba ƙari ba ragi, a kan injin da ke kama ƙarfe ya juya shi da gudu, wuƙa tana fere shi kamar fensir. Ta samo sandar a wurin masu gwangwan, ta naɗe ta da tsohuwar jarida, tana yawo da ita a jaka har igiyar jakar ta fara tsinkewa. Lokacin miƙa aiki yana matsowa. Ta kasa zama wuri ɗaya. In ta zauna cin abinci ƙafarta na kaɗawa, in ta buɗe littafi sai ta rufe.

"Injiniya, wai ƙuma ce a kujerar?" in ji Yaya. "Ko famfon ne ya fara taka ki tun ba a haɗa shi ba?"

"Bar min 'ya," in ji Baba daga ƙofa. "Kai da ko fitilar motarka sai an canja maka."

* * *

Wata safiya ana tsakar darasi, sai ga ƙugin babbar mota a bayan aji. Kafin Malam ya hana, kowa ya taru a taga. 'Yan dako suna sauke injuna lulluɓe da tamfol, suna kiran "Hankali! Hankali!" Da aka yaye na uku, Auta ta ƙura masa ido. Injin sassaƙar ƙarfe ne, kore, mai sheƙi, daidai da wanda ta sha zanawa a takardar jarrabawa.

"Allah ya amsa," ta faɗa a hankali.

Ƙawarta, wadda ake kira Gimbiya don ba ta son ƙura ta taɓa ta, ta yi tsaki. "Ke dai ba kya girma. Masu tantance makarantu ne za su zo. Na aro ne, 'yar uwa. Ki rage murna."

"Ko na aro ne, ai yana yanka ƙarfe."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni nawa aikin yana bayan katanga wurin masu walda, har an yi masa fenti. Ba zan kashe kaina ba."

Aka dakatar da darussa. Aka raba wa ɗalibai tsintsiya da bokitin fenti. Aka kwashe karyayyun kujeru, aka ja gawar tsohon injin aka ɓoye a bayan gini. Auta ta fi kowa shara. Da ta ga Malam shi kaɗai yana liƙa takardun gargaɗi a bango, ta matsa kusa.

"Malam, in baƙin sun tafi, za a bar ni in yi sandata?"

Ya daɗe yana danna gefen takardar da babban yatsa. "Zan yi wa shugaban sashe magana," ya ce. Bai dube ta ba, amma ita ba ta lura ba, don idonta na kan injin.

Shugaban sashe da kansa ya zaɓi waɗanda za su tsaya a ɗakin aiki ranar ziyara. Ya ba Auta koren injin, saboda ita ce ta ɗaya a aji kuma bakinta ba ya rawa. Ya nuna mata inda za ta sa ƙafa, da inda za ta ɗora hannu. Aka raba musu rigunan aiki sababbi fil, layin ninki bai ko baje ba. Shugaban ya ƙare musu kallo, ya girgiza kai, ya sa aka kawo gwangwanin baƙin mai.

"Kowa ya shafa a gwiwa da ƙirji da bakin hannu. Kada ku cika, kada ku yi ƙwauro. In an tambaye ku, kowane mako kuna nan kuna aiki. Kun ji ko?"

"Mun ji, ranka ya daɗe."

A gida, Inna ta karɓi rigar don ta rage mata hannu. Ta ɗaga ta a haske, ta yamutsa fuska. "Wannan wane irin ƙazami ne ya sa ta kafin ke? Kawo sabulu."

"A'a, Inna, kar ki wanke. Da gangan aka shafa."

"Da gangan?"

"Don a ga kamar mun daɗe muna aiki da ita."

Inna ta tsayar da keken. Ta dubi rigar, ta dubi 'yarta. "Ni dai a duniya na san a wanke datti. Ban taɓa jin inda ake shafa shi ba. Amma ku ne masu boko." Ta ci gaba da taka keken.

* * *

Ranar ziyara Auta ta riga kowa isa. Ta warware jaridar, ta zura sandarta a bakin injin, ta ɗaure ta kamar yadda littafi ya ce. Ƙarfen ya zauna daram. Ta yi tunanin in an ga aikinta a ciki, ba wanda zai ce ta cire sai ta gama.

Baƙin suka shigo da hantsi, shugaban sashe na gaba yana tafiya da baya-baya yana bayani. Jagoransu dattijo ne mai furfura, gilashinsa a ƙarshen hanci. Ya wuce injin farko, ya wuce na biyu, ya tsaya a gabanta.

"'Yata, me kike sassaƙawa?"

Ta gaya masa. Ta faɗi kaurin da take so, da gudun da ya dace da irin wannan ƙarfe, da dalilin da ya sa ake zuba ruwa a bakin wuƙa. Dattijon yana gyaɗa kai, kuma ta ga alamar jin daɗi a fuskarsa.

"Madalla. To, kunna mu gani."

Ba a koya musu amsar wannan ba. Ta ji shugaban sashe ya yi gyaran murya, amma yatsanta ya riga ya kai. Shekaru take jiran wanda zai ce mata haka. Ta danna koren maɓalli.

Shiru.

Ta sake dannawa, da ƙarfi. Injin bai ko yi tari ba.

"An ɗauke wuta, ranka ya daɗe," in ji shugaban sashe da sauri. "Ka san halin da ake ciki."

A saman kawunansu fanka tana ta juyawa, tana kaɗa takardun da ke hannun baƙin. Fitilun ɗakin duk a kunne suke. Ba wanda ya ɗaga kai. Auta ta leƙa bayan injin. Baƙar wayarsa mai kauri ta bi gindin bango, ta shige ƙarƙashin wani katako, ta ƙare a nan. Ba a haɗa ta da kome ba.

Ta jira dattijon ya daka tsawa, ya tambayi wanda ya shirya wannan abin kunya. Wani ɓangare na zuciyarta yana tsoro, wani ɓangaren kuma yana roƙon ya yi hakan, ko a tilasta wa makarantar ta haɗa wayar.

Dattijon ya miƙa hannu ya shafa wata 'yar lotsawa a gefen injin, kamar mai shafa wuyan dokin da ya sani.

"Wannan tabon ban manta shi ba," ya ce wa na kusa da shi. "Watan jiya ma mun gaisa da shi a wani wuri. Bawan Allah, yana shan yawo."

Na kusa da shi ya yi dariya. Shugaban sashe ya taya shi, har da riƙe ciki. Dattijon ya yi ɗan rubutu, ya dubi Auta ta saman gilashi. "Kin iya bayani, 'yata. Ki dage." Mai ɗaukar hoto ya ce ta mayar da hannu kan injin ta yi murmushi. Haske ya walƙa. Aka wuce da baƙin wurin cin abinci.

* * *

Ba ta bar ɗakin ba. Ta zauna, ta tashi, ta zaga injin, ta koma taga. Sauran ɗalibai suka tuɓe rigunan suka tafi. La'asar na yi, babbar motar ta dawo da baya har bakin ƙofa.

"Malama, cire ƙarfenki," in ji babban 'yan dakon. "Ana jiran kayan nan gobe a wata makarantar."

Ta fita da gudu ta sami Malam a ofis yana goge alli daga hannunsa. "Malam, za su tafi da shi! Ko rabin yini ne a ba ni. Na san yadda ake yi, wallahi na sani."

"Na san kin sani." Ya nuna mata kujera, ta ƙi zama. "Na yi maganar. Ko da an bar shi, wayoyin ginin nan ba za su ɗauki wutarsa ba. Tun farko ba a kawo shi don a kunna ba."

"To ni yaya zan yi?"

Ya sassauta murya. "Ki kai bayan katanga. Ranar da za a duba aikinki ba zan tambaye ki wanda ya sassaƙa ba. Iyakar abin da zan iya yi miki ke nan."

Da ta koma, har sun ɗaure injin da igiya. Wani ya kwance sandar ya jingine mata a bango.

Bayan katangar jami'a rumfunan masu walda ne a jere, kowace da ayyukan ɗalibai a gabanta suna shan rana: injin niƙa, injin ɓare gyaɗa, fanka mai aiki da hasken rana. Mai rumfar da ta shiga bai ko ɗago sosai ba.

"Famfo? Na hannu ko na ƙafa? Akwai gamamme, sai dai a rubuta sunanki."

"Sandar kawai nake so. Amma ni zan yi da hannuna, kai ka tsaya ka nuna mini."

"Haba, 'yar makaranta. In kin yanke yatsa wa zai amsa? Ajiye a can, ki dawo jibi."

Ta tsaya riƙe da sandar har hannunta ya gaji. Sannan ta ajiye ta a inda ya nuna, a kan tarin na wasu.

* * *

Famfon ya yi aiki ranar gwaji. Ya zuƙo ruwa daga bokiti ya zuba a wani bokitin, aka tafa, aka ba ta maki mafi girma. Da ta zo ɗauka, aka ce aikin ɗalibi mallakar sashe ne. Aka kulle shi a ɗakin aiki tare da na sauran, don a sami abin nuna wa baƙi na gaba.

Bayan an sallame su, jami'ar ta buga ƙasidar neman sababbin ɗalibai. Hoton Auta ne a bangon ƙasidar: rigar aiki mai baƙin mai a ƙirji, hannu a kan koren injin, sandar ƙarfe a bakinsa, murmushi a fuska. Yaya ne ya gani a hannun wani fasinja, ya roƙo ya kawo gida. Baba ya sa aka yi masa gilashi, ya buga ƙusa a zaure ya rataye. Duk maƙwabcin da ya zo gaisuwa sai ya tsayar da shi.

"Ka gan ta nan tana tuƙa injin. Dubi rigar, duk mai. Wannan ba karatun zaune ba ne."

"Ma sha Allah. Allah ya yi albarka."

Auta tana jin su daga tsakar gida. Ta buɗe baki sau ɗaya za ta yi magana, sai ta ga yadda Baba ke goge gilashin da bakin rigarsa, ta fasa. A ranar ta gane cewa ranar ziyara a ɗakin aikin nan kowa ya san gaskiya, da baƙin da masu masaukinsu. Ba wanda ya yi niyyar koya mata kome. Wanda zai tsaya kusa da injin kawai ake bukata.