Layin Ɗigo-ɗigo

Tana shiga ɗakin taro ta tarar da taswirarta a bango, an faɗaɗa ta, an yi mata kwalliya sai ka ce amarya. Layin da ta zana ɗigo-ɗigo ya koma jan layi miƙaƙƙe mai kauri.

Injiniya ake ce mata a kamfanin, aikinta kuwa sauraron ƙasa ne. Manyan motoci su jijjiga ƙasa, na'urori su kama amon da ke dawowa daga duwatsun can ƙarƙashi, ita kuma ta zauna gaban kwamfuta ta karanto inda mai ko gas zai iya taruwa. To bara motocin sun kauce wa wani ƙauye, gudun kada jijjigar ta tsattsaga gidajensu. Ƙarƙashin ƙauyen ya fito fari fat a hoton, ba a ji komai ba. Shi ya sa a taswirar ta haɗa layin duwatsun gefe da gefe da ɗigo-ɗigo, wanda duk ɗan sana'ar ya san ma'anarsa: zato ne kawai.

Ta fita ta sami mai zanen kamfani yana shan shayi.

"Wa ya ce ka cike min layi?"

"Haba Anti, gyara na yi miki fa. Na ga kamar tawada ce ta ƙare. Ai manya ba sa son abu rabi da rabi."

Ta wuce ofishin manaja, wanda ya tarbe ta da fara'a har kunne.

"Yallaɓai, rijiyar man da za a haƙa a ƙauyen nan a kan zato take. Wataƙila akwai mai, wataƙila ruwan gishiri ne. Ba mu ji komai a wurin ba."

"Amma zai iya kasancewa akwai?"

"Zai iya, sai dai..."

"To madalla! Masu zuba jari sun gani, sun yaba, hukuma ta sa hannu a tashi ƙauyen. Yanzu in koma in ce musu me? Ɗigo ne ya ɓace?" Ya yi dariya, ya miƙa mata alewa. "Ke dai kin cika tsoro. Sunanki ne fa a ƙasan taswirar, ki yi murna."

Ta koma kujerarta. Ta buɗe hoton asali, ta ƙura wa farin wurin ido kamar zai tausaya mata ya yi magana.

Wayarta ta yi ƙara. Dattijon ƙauyen nan ne, wanda ya shimfiɗa musu tabarma a inuwarsa lokacin aikin, ita kuma ta ba shi lambarta, ta ce ya kwantar da hankalinsa.

"'Yata, wasu sun zo suna shafa jan fenti a bangayenmu, har da ɗakin da mai ɗakina take jinya. Na ce musu kuskure ne, ke da bakinki kin ce ba abin da zai taɓa gidajenmu. Ga babbansu nan, bari in ba shi ki faɗa masa."

"Baba..." ta ce.

Ta ji wayar tana sauya hannu. Wani ya ce, "Muna jin ki, Hajiya. Mu dai taswira aka ba mu."