Jan Gam a Kekena

"Wannan ba shuɗi ba ne," na ce.

Baba Mai Sifana bai ɗago ba. Yana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar shagonsa, kekena a kife a gabansa, ni kuma ina kan benci da ƙafafun da shan-inna ta shanye tun ina rarrafe. 'Yar kwalbar jan gam ce a hannunsa.

"Idonki ƙalau, 'yar boko," ya ce, ya yi tari har sai da ya dafa bango.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da shagonsa. Shi ya haɗa min keken nan na tuƙi da hannu, da bututun ƙarfe da tayoyin da aka yar, lokacin da Umma ta rasa mai goya ni zuwa makaranta. Hanyarmu duk ramuka ce, jijjiga na kwance noti, shi ya sa yakan ɗiga gam kafin ya ɗaure. Tun ina aji ɗaya na san bambancin shuɗin gam da ja. Shuɗi yana riƙewa, amma sifana na kwance shi. Ja kuwa sai an gasa shi da wuta. Kullum shuɗi yake sa min, don ina girma. Duk shekara sai ya kwance kujerar ya matsar da ita baya, yana mita wai ko ciyawa ba ta kai ni tsiro ba. A kan keken nan na wuce masu miƙo min sadakar da ban roƙa ba. A kansa na dawo ina koyarwa a makarantar da aka taɓa cewa ba ta irina ba ce.

"Sa shuɗi, Baba. Wata mai zuwa sai ka sake dubawa."

"Kin gama girma."

"Wa ya gaya maka? Jiya ma na ji na ƙara tsawo."

"Bakinki dai ya ƙara tsawo."

Matarsa ta leƙo daga soro. "Malam, likita fa cewa ya yi ka kwanta."

"Cewa ya yi kar in ɗaga nauyi. Noti nauyi ne?"

Yana waiwaya na fizge kwalbar na danne da cinya. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai.

"Gangaren bakin kasuwar nan," ya ce, "in noti ya kwance miki a can, wa zai je ya ɗauko ki? Ni dai ba zuwa zan yi ba."

Ban taɓa kuka a gaban mutane ba, ranar ma ban yi ba. Na miƙa masa kwalbar.

Shi ya ɗiga, amma ƙarfin ɗaurewa ya ƙi. Ni na karɓi sifanar, dama tuƙi ya ba ni damtse. "Ja, ƙara ja. To ya isa, kar ki karya min, jaruma," ya ce. A notin tayoyi kaɗai ya sa shuɗi, saboda faci. Da muka gama ya share abin da ya tsatso da babban yatsansa, ya goge a jikin ƙarfen, ya cusa sifanar a ƙarƙashin kujerata.

Bai ga ƙarshen watan ba. Na dawo daga aji na tarar da shagon a rufe, tayar da yake zama a kanta a jingine. Wani ya kama bayan kekena zai tura ni, na ce ya bari, na iya.

Yanzu kullum da safe ina bin gangaren kasuwa, babu abin da ke ƙara. A ƙarfen gefen dama, inda ya goge hannu, ƙura ta manne a kan jan gam, ta fito da zanen yatsansa.