Tabarmar Masu Karɓar Gaisuwa

Tun da aka sallamo Nicholas daga asibiti da hannu a ɗaure, ƙofar ɗakinsa a Nyanya ba ta huta ba. Direbobin tasha suna ta shigowa.

"Oga Niko, barka da arziki."

"Allah ya kiyaye gaba."

Yana amsawa da amin. Shi ne ke tuƙa bas ɗin da tirela ta murƙushe a gangaren shiga gari. Baffa, abokinsa da suke karɓa-karɓar motar nan shekara da shekaru, yana zaune a gefensa. Nan take ya rasu.

Ba wanda ya yi kuskure a cikin masu zuwa. A Kafanchan Nicholas ya girma, ya san yadda abin yake: barka ta wanda ya tsira ce, ta'aziyya ta dangi. Shi ya tsira, kuma shi ba dangi ba ne. Sai dai duk barkar da aka yi masa, sai ya ji kamar an ce ya ci riba a ciniki.

Ran sadakar uku, matarsa Perpetual ta ajiye masa takalmi a gabansa.

"Baban Leonard, yayan Baffa zai koma Gusau da an tashi. Ba ka je ba har yanzu."

"In ce masa me? Ya haƙuri? Ni da nake riƙe da sitiyari?"

"Hannunka ne ya karye, ba ƙafa ba."

"In ya tashe ni a gaban mutane fa?"

"Sai ka dawo, ka sani. Ya fi wannan kallon bango da kake yi."

Ya sa takalmin.

An kafa rumfa a ƙofar gidan Baffa. Dangi suna jere a tabarma jikin bango, masu gaisuwa suna zama suna fuskantarsu, a yi addu'a, a shafa, a tashi. Nicholas ya tsuguna a can ƙarshe, kusa da takalma. Lukmanu, wani direban tasharsu mai baki kamar lasifika, ya hango shi.

"A'a, Oga Niko, har ka fito? Barka da arziki."

Kowa ya waiwayo. Dattijon da ke tsakiyar dangi ya ɗago kai. Malam Maliki ne, yayan Baffa, hancinsu ɗaya.

"Kai ne Nikolas?"

"Ni ne, Malam. Ni nake tuƙi ranar."

"Wannan na sani. Kai ne mai karɓar masa tuƙin yamma duk azumi?"

"Ni ne."

"Kai ne kuma mai munsharin da ya ce yana tada fasinja?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya rufe baki. Nicholas ya ce, "Nasa ya fi nawa, Malam."

"Haka yake tun yana yaro." Malam Maliki ya gyara zama. "Ni sai da salla nake ganinsa. Kai kuwa da shi kake wayar gari. To me kake yi a can wurin takalma?"

Ya taɓa gwiwar wanda ke kusa da shi, mutumin ya matsa. Wuri ya buɗe a jikin bango.

Nicholas bai motsa ba. "Malam, nan wurin 'yan'uwa ne."

"Na san wurin wa ne. Taso."

Ya taso, ya tsallake tsakiyar tabarma, ya zauna. Malam Maliki ya juyo ya dube shi sosai.

"Ya haƙuri?"

Tun ranar hatsarin ba wanda ya tambaye shi haka. Ya sunkuyar da kai.

"Da godiya," in ji Nicholas.

Wasu 'yan kasuwa suka iso, suka cire takalma, aka ɗaga hannu aka yi addu'a. Da aka shafa suka bi layi suna gaisawa da dangi ɗaya bayan ɗaya. Na gaba ya zo kan Nicholas, ya kalli hannun da ke ɗaure, ya kalli inda yake zaune, sannan ya kama masa lafiyayyen hannun.

"Ya haƙurinmu? Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji Nicholas, ya miƙa wa na biye hannu.