Dutsen da Ya Sha Humra

Dzarma bai fara da kallon dutsen ba, hanci ya kai masa. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya dubi matar da ke zaune a kan bencin shagonsa.

"Ya Fanna, wannan ƙamshin fa?"

"Humra ce," ta ce, har da ɗan gyara mayafi. "Haɗina. Ko an wanke zane, ba ta fita."

Wannan kam ba cika baki ba ne. Duk unguwar Moduganari babu mai haɗa turare kamar Ya Fanna, kuma ba ta jira a faɗa mata, ita take faɗa wa mutane. Amma yau ba talla ce ta kawo ta Kasuwar Kwastam ba. Ɗanta Hashim, wanda shi kaɗai ya rage mata, ya bi abokai har duwatsun Habasha haƙar ofal, wani dutse mai tsada. Shekarun baya ya aiko mata dutse guda ta hannun wani mai dawowa, ya ce ta adana, shi ne guzurinsa na komawa gida. To, ranar ta zo. Rami ya rufta masa a ƙugu, yana kwance a wani ƙauye inda ba a jin Hausa balle Kanuri, kuma yaƙi ya toshe hanyar Sudan. In ba jirgi ba, babu abin da zai kawo shi, kuma kuɗin jirgin sai an sayar da dutsen.

Dzarma tsohon ɗan harkar duwatsu ne, mutumin Biu, mai yawan surutu a kullum. Ya kunna tocila, ya haska dutsen ta sama, ta gefe, ya juya shi a tafin hannu. Dutsen dai yana nan yadda yake, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar alewar da ta kwana a aljihu.

"Da ya zo, haka yake?"

"Ina! Da ka juya shi sai ka ga kore, ka ga ja, kamar ana hura gawayi a ciki. Datti ne ya rufe shi. Ka goge da injinka."

"Abin da kika gani, shi muke kira wuta," in ji shi. "Ita muke saya, ba dutsen ba. Ofal marar wuta kuwa fanko ne, ana zubar da shi a bakin rami. A ina kika ajiye shi?"

Sai ta ba shi labari da alfahari, don ta daɗe tana ganin dabarar da ta yi. Ranar da ambaliya ta shigo gari, ruwa ya kai mata ƙirji a tsakar gida. Ta bar katifa, ta bar tukwane, ta jefa dutsen cikin kwalbar humra mai murfin kirki, ta ɗaure a ka. Ko ɗigon ruwan ƙazantar nan bai taɓa shi ba. Daga baya ma ta bar shi a ciki, don wane ɓarawo ne zai leƙa kwalbar turaren tsohuwa? Kuma a wurinta, abin da ake ƙauna turare ake sa masa.

Dzarma ya jawo wani ɗan gutsuren ofal daga aljihun tebur. Ya lashi yatsa ya taɓa shi, gutsuren ya manne ya biyo yatsan sama. Ya sake lasa ya taɓa nata. Ko motsi.

"Kin gani? Na Habasha mashayi ne, jikinsa duk ƙananan ƙofofi. Abin da aka sa shi a ciki, shi zai shanye. Naki ya ƙoshi."

"To a shanya shi mana."

Ya kau da kai wajen masu kayan miya. Da ganinsa ka san ya so a ce wani ne zai faɗa.

"Ya Fanna, da ruwan ambaliyar ne ya jiƙa shi, da sai a ajiye shi a inuwa, ya bushe a hankali, wutar ta dawo. Man da ke cikin humra ne ba ya fita. Ya shiga har zuciya. In na sa shi a inji, ƙamshi kawai zan yi ta yankawa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce ko rabi, ko ɗan gefe. Ya sake haskawa don ya faranta mata, ya girgiza kai. Ya naɗe dutsen a ƙyallenta ya miƙa mata da hannu biyu.

"Allah ya kawo wata hanyar, Ya."

Ta ce amin, ba don ta hango ko ɗaya ba.

Tana cikin Keke Napep wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, doguwa. Muryar Hashim ta fito siririya, yana numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Ya, kin kai masa? Ya ga wutar? Ki ce ya duba jan, ja ne mai daraja. Rana guda na yi a kwance a jijiyar dutsen kafin na ciro shi bai fashe ba."

"Ya duba."

"Me ya ce?"

Ta matse ƙyallen a cinya.

"Ya ce a ɗan bari ya bushe."

"Alhamdu lillahi. Ruwa ba ya masa komai, Ya. Kada dai ki bari mai ya taɓa shi, na manta ban gaya..."

Layin ya katse. Ta ci gaba da riƙe wayar a kunne har suka wuce gada.

Matar da ke kusa da ita, wata ma'aikaciyar asibiti da fararen kaya, ta matso tana shaƙar iska.

"Mama, don Allah a ina kike sayen humrarki? Tawa kafin azahar ta gudu. Wannan tana daɗewa?"

Ya Fanna ta dubi ƙyallen da mai ya huda, ya fara ɓata mata zane.

"Ba ta fita, 'yata," ta ce.