Kuɗin Rufi a Cikin Rudu

Cikin buhu arba'in na albasa da Mushe Ridwan ya ajiye, goma sha ɗaya kaɗai suka tsira. An gano haka ranar Talata da hantsi, farkon Yuli, a bayan gidan surukinsa a Madawa, lokacin da aka buɗe rudu, rumbun karan da ake ajiyar albasa.

Ridwan malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe. Shekara shida yana tara kuɗin rufin gidansa. Gini ya kai, kwano ya rage. Ana nan aka shiga matsi, kaya suka yi tsada, banki ya koma ba da kuɗi kaɗan-kaɗan. Da abubuwa suka fara sassautawa, sai magana ta koma kan sefa, kuɗin ƙasar. A fadar shayi wani ya ce za a canza ta da sabon kuɗi, ƙasa ta miƙe. Wani ya ce takardun hannun mutane za su koma abin ƙunsa tsire. Ridwan ya ga yadda faɗuwar naira ta cinye jarin yayansa. Ya kasa zama wuri ɗaya. Kullum rediyo na kunnensa, har lokacin hutun 'yan aji.

A watan Afrilu ya kwashe kuɗin duka, ya nufi kasuwa.

"Albasa ba ta da gwamnati," ya ce wa matarsa Nasiba. "In ta yi tsada, mu rufa gida har da shago."

"Damina hwa, Mushe?"

"Ta jira."

Da kansa ya zaɓa. Ya bi manya-manya masu sheƙi, ya tsallake ƙananan da suka bushe ƙamas. Bai tambayi kowa ba. Surukinsa Ɗangana, wanda ya tsufa yana noman albasa, yana Karofane lokacin wajen jinyar ƙanensa.

Ranar Talatar, wari ne ya fara fitowa. Ɗangana ya ɗauki guda, ya matsa wuyanta, ruwa ya tsarto.

"Mushe, wa ya zaɓa maka wagga?"

"Ni na zaɓa, Baba."

"Na gani. Wagga ta sha taki, an ba ta ruwa har ranar cira. Ta miya ta, ba ta ajiya ba. Ta ajiya sai an yanke mata ruwa ta ƙeƙashe cikin ƙasa." Ya yar da ita. "Kana sauraren rediyon Yamai, ka kasa jira in komo."

Ridwan ya naɗe hannun rigarsa. Ya shiga rudun, ya fito, ya sake shiga. Shi da Nasiba suka wuni suna tsince masu rai, suna shanyawa a inuwa.

Da la'asar dillali ya zo, ya taya. Kuɗin ya isa rufin ɗaki ɗaya cikin uku. Ɗangana ya ce in aka ƙara wata biyu, sai ya ninka.

"In ta kai," in ji Nasiba.

Ridwan ya dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa. Ya sallama, da sharaɗin ranar da aka biya shi, ranar zai sauke kwano. Takarda ba za ta kwana hannunsa ba.

Dillali ya ce biya sai kamyon Abijan, motar da za ta kwashi albasar, ya iso. Har ranar Juma'a bai iso ba. Sefa tana nan yadda take, ba a sanar da komai ba. An yi ruwa sau biyu cikin ɗakunan.