Tayoyin Laka a Ranar da Ba Ruwa

Tun ana saura mako guda tseren motoci na ƙarshen shekara, mijina Gathogo ya sauke butar shayina ta tangaran daga kan kantar falo, wai nan kofin gasar zai zauna. Na ce masa, "Baban Nyakio, kofin da ba ka ci ba tukuna shi ne har ya kori butata?" Ya ce in zuba ido kawai. Tun ina goyon 'yarmu Nyakio yake tseren nan a gonakin Nanyuki, nan ƙasar Kenya, kullum na biyu, kullum a bayan Opiyo, wani dogon likitan dabbobi mai shegen baki. Bana ne kaɗai makinsu ya zo kunnen doki. Wanda ya riga wani ranar Lahadi, kofin shekara nasa ne.

Tseren namu ba na gwamutsi ba ne. Mota ɗaya ake saki ta zagaye fili tana faɗa da agogo, in ta fito a saki wata. Shi ya sa mutum biyu ke iya raba mota ɗaya, wannan ya yi da safe, wancan da rana. Tamu wata 'yar ja ce mai ƙofa biyu, gajeriya har sai ka durƙusa kafin ka shiga, muna ce mata Pilipili, wato barkono, saboda ja da zafinta. Dattawa ke yi da safe, don haka safiya ta Gathogo ce, rana kuma ta Nyakio.

Dokar ƙungiya guda ce ba ta lanƙwasuwa: tayoyin da aka shafa wa fenti da safe, su mota za ta wuni da su. An kafa ta ne don kada masu hannu da shuni su riƙa zuwa da lori cike da taya. Mu kashi biyu muka ɗoro a akori-kura. Akwai na busasshiyar ƙasa masu ƙananan zane, waɗanda ke manne wa hanya kamar danƙo. Akwai na laka masu manyan haƙora, waɗanda ke cizon taɓo, amma a kan tauri sai su yi ta rawa suna cin lokaci.

Ranar Lahadi da sassafe direbobi suka fita taka filin da ƙafa kamar yadda aka saba, ni ma na bi su da kofin shayina. Ƙasa ta bushe ƙayau, Dutsen Kenya ya fito tas, in ban da wani ɗan gajimare da bai kai zanin jariri ba. Da muka iso kwanar bakin dam sai Nyakio ta tsaya. Nan ne bara ruwan rana ya kama ta da tayoyin busasshiyar ƙasa, baƙar ƙasar wurin ta koma sabulu, Pilipili ta wuntsila ta kwanta rigingine. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma tun ranar ba ta sake sa hular kwano ba sai yau. Na ga ta ɗaga kai ta dubi gajimaren nan, ta yi saurin kau da kai daga kwanar. Na waiga, ashe ubanta ma ya gani.

Manjit Singh, tsohon bakaniken da ke duba motoci, yana jiranmu da gwangwanin fenti ruwan ɗorawa.

Ya dubi Gathogo ya ce, "To, manomin alkama, wanne zan shafa?"

Nyakio ta yi caraf ta ce, "Na busasshiya, Kawu Manjit. Yau ranar Baba ce."

Gathogo ya daɗe yana kallon dutse yana shafa haɓa. Can ya ce, "A sa na laka. Za a yi ruwa."

Manjit ya ɗaga gilashinsa ya leƙa sama. "Ruwa a ina? A Mombasa?"

Opiyo, wanda kunnensa ba ya barci, ya taso daga tantinsa yana tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ga kyauta! Gathogo, in kofin ne kake son ba ni, ai da ka aiko shi gida, ka hutar da ni ƙona mai."

"Baba, don Allah," in ji Nyakio, "ba hadari ko kaɗan."

"Ke da uban wa kika taɓa shuka alkama? Na ce ana ruwa yau. Ɗauko jak."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin nan in ya shinshina iska ya ce a kwashe shanya, to a kwashe; bai taɓa kuskuren ruwa ba, kuma na san sarai ya san yau ba za a yi ba. Na ja shi bayan akori-kura na ce, "Ƙarya da furfura, Baban Nyakio?" Ya ce, "Riƙe mini sifana, Maman Nyakio, surutu ba ya ɗaure noti." Na riƙe. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ga kuma wani daɗi, duk a lokaci guda.

Ya yi tuƙi ranar kamar ba gobe. Pilipili tana kwasar kwana tana watsa tsakuwa, bayanta na kaɗawa, shi kuma yana kokawa da sitiyari. Amma haƙoran laka a kan tauri ba su da amana. Duk zagayen da ya yi, Opiyo sai ya ɗara shi da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kafin gasasshen naman akuya ya sauka daga wuta, magana ta ƙare, kofi ya zama na Opiyo. Gathogo ya cire hular kwano, ya je ya miƙa wa Opiyo hannu, ya dawo ya zauna ya ci tuwon masararsa da nama har da neman ƙari.

Da rana ta take aka kira rukunin matasa. Nyakio ta daɗe a tsugune gaban mota tana shafa haƙoran tayar da yatsa. Uban ya leƙa ta taga bayan ta ɗaura bel, ya ce, "Ko sama ta tsage yanzu, waɗannan ba za su sake ki ba. Taka abinki."

Zagayen farko ta bi kwanar dam kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Na biyu ta ɗan saki jiki. A na uku kuwa na ji kukan injin bai sauka ba har ta shige kwanar, ta karkata motar ta fito da ƙura a bayanta, ni kuma ban san sanda na yar da farantina ina ihu ba. Ba ta ci komai ba, can tsakiya sunanta ya faɗo. Amma da ta fito tana dariya tana dukan rufin Pilipili, sai na ga yarinyata ta da, wadda na yi shekara guda ina nema a cikin gidana.

Ana miƙa wa Opiyo kofi, wallahi sai ga yayyafi, ɗan fis wanda ko ƙura bai kwantar ba. Gathogo ya fito tsakiyar fili ya baje hannuwa. "Me na gaya muku? Manjit, me na ce?"

"Ka ce yau, ba ka ce bayan an tashi ba, tsohon banza!" in ji Manjit.

Opiyo ya matso da kofinsa a hammata, ya rage murya yadda daga ni sai mijina muka ji. "Na san abin da ka yi. Baɗi ka zo da tayoyin kirki, ba na son kofin sadaka."

A hanyar gida, muna wuce gadar gari Nyakio ta juyo wajen ubanta. Sannan ta ce, "Baba, ka san ba za a yi ruwa ba, ko?"

"An yi ko ba a yi ba?"

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, shi kuma ya yi ta gyaran murya yana tsawata wa wani mai babur da bai yi masa komai ba.

Da muka isa na ɗauko butata zan mayar da ita mazauninta. Na tarar har ya riga ni, ya ɗora hular kwanon Nyakio a gurbin kofin, da ƙurarta da komai, yana ta juya ta don ta fuskanci ƙofa. Na tsaya da buta a hannu ina kallonsa.

"Ki nema mata wani wuri," in ji shi. "Nan an cike."