Zoben Lilon Don Eusebio

Zulema na cikin yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe dawakan katakon lilo da shi, sai ƙugiya ta yanke ta a yatsa. Ta tsaya tana kallon jinin yana taruwa, tana jiran zafi ya zo. Bai zo ba. Haka take tun ranar da aka kira ta a waya can birnin Rosario aka ce babanta, Don Eusebio, ya yanke jiki ya faɗi a gindin lilonsa. Ta hau mota ta zo garinsu, Santa Elodia, aka binne shi, ta karɓi gaisuwa, duk kamar wata ce aka aika ta yi a madadinta.

"Sa a baki ki tsotse," in ji mahaifiyarta, Doña Herminia, daga kujerar roba inda take zaune da ƙwaryar shayin mate a cinya. "Shi ma kullum sai ƙugiyar nan ta cije shi. Yana ta cewa zan gyara, zan gyara, har ya tafi."

Lahadi ce, kuma ta ƙarshe. Gobe da safe motar gidan tarihi za ta zo a kwance lilon a kwashe dawakan. Zulema ce ta amince, don ba ta da niyyar barin aikinta na asibiti ta dawo juya dawakan katako. Uwar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar shi ya juya sau ɗaya kafin a taɓa shi.

Santa Elodia ba gari ne mai yawan abin kallo ba. Akwai tafki, inda maza ke wuni da fatsa suna shara wa juna ƙarya kan kifin da ya kuɓuce. Akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan tarihi, inda duk abin da ya mutu a garin ake kai shi a goge a rataya masa suna. Sauran kuwa fili ne, waken suya da shanu har inda ido ya gaji. Sai lilon Don Eusebio a bakin tafki, mai juyawa da dawakansa da kiɗansa duk Lahadi, wanda babu babba a garin da bai taɓa hawa ba.

Kowa ya san zoben. Mai lilo zai tsaya a gefe riƙe da ɗan goran katako, zoben ƙarfe maƙale a bakinsa, yana kaɗa shi sama da ƙasa, yara suna wucewa suna kai hannu. Wanda ya fizge, hawa na gaba kyauta ne. Wanda ya fizge na ƙarshe da yamma kuwa, da shi zai tafi gida, ya dawo da shi Lahadi mai zuwa a buɗe lilo da shi. Kowa kuma ya san, ban da yaran, cewa zobe ba cinsa ake yi ba, bayarwa ake yi. Don Eusebio yakan sassauta hannu ga ɗan ƙarami, ga mai kunya, ga wanda aka yi wa rashi a gida. Yarinya ɗaya ce a garin bai taɓa sassauta wa ba, ita ce 'yarsa. Hawa dai kyauta take yi, amma ba hawan take so ba. Duk sa'ad da ta sauko fuska a murtuke, sai ya shafa kanta ya ce, "Lahadi mai zuwa, 'yar baba." Har ta girma ta bar garin Lahadin ba ta zo ba, kuma ba ta yafe masa ba.

Shi ya sa da safe, da 'yarta Amparo ta tambaye ta ko za ta ci zoben kaka, ta amsa ba tare da tunani ba. "Na ƙarshe naki ne. Da shi za mu koma Rosario."

Etchegaray, mai kula da gidan tarihi, ya riga kowa zuwa, da abin awo rataye a wuya. Ya cire hula ya sake yin ta'aziyya, sannan ya hau auna wani farin doki daga hanci zuwa wutsiya.

"Wannan kusa da taga za mu sa shi, Doña. 'Yan makaranta za su riƙa zuwa suna gani."

"Suna hawa?"

"A'a, ai akwai igiya a gaba."

"To, madalla," in ji Doña Herminia. "Dama ya gaji."

Bayan cin abincin rana gari ya fito. Aka kunna kiɗa, lilo ya yi ƙara ya fara juyawa, Zulema ta ɗauki goran ta tsaya inda takalman babanta suka cinye ciyawa. Ta miƙa hannu ta tsaya ƙiƙam. Wani ƙaton yaro ya fizge zoben tun a zagayen farko, mutane suka sa ihu.

"Haba 'yar birni!" Pocha ce, wadda suka yi firamare tare, yanzu tana sayar da soyayyen fanke a gefe. "Allura kike yi wa mara lafiya ne? Kaɗa shi mana!"

"Ki ba su wahala tukuna," uwar ta ce a hankali. "Kuma ki daina kallon hannayensu. Fuska ake kallo."

Ta gwada. A hawa na gaba hannunta ya fara gane abin, kamar ya daɗe da sani yana jiran a tambaye shi. Ta ɗaga, ta sauke, ta yi kamar za ta bayar ta janye, yara suna ƙara suna zaginta da dariya. Ta bai wa wani mai giɓi, ta bai wa wata da ƙannenta suka dame ta da tsiya. Iyaye suna tafi, wasu tsofaffi suna share ido. Ita ba ta ji komai ba. Tana ganin abin kamar ta bayan gilashin ɗakin tiyata, bakuna na motsi, ita tana aikinta.

Tun hawa na uku ta lura da wata 'yar yarinya cikin rigar sanyi da ta yi mata yawa. Pocha ta ce 'yar masu aikin girbi ce da suka zo daga arewa, ba ta san kowa ba tukuna. Yarinyar ta ƙanƙame sandar dokinta da hannu biyu, ba ta taɓa kai hannu ba, sai dai duk wucewa idonta na kan zoben.

Rana ta yi ƙasa, iska ta taso daga fili ta fara kaɗa takardun fanke. Doña Herminia ta ɗaga yatsa ɗaya, aka sanar cewa wannan ne na ƙarshe. Amparo ta ruga ta haye farin dokin, mai rigar sanyi tana bayanta. Lilo ya ɗauka. Zagaye ya bi zagaye, Amparo na tsaye kan ƙafafu tana miƙa jiki, haƙora a waje, don ta san abin da aka yi mata alkawari.

"To, ga 'yar gida nan!" Pocha ta yi ihu tana dariya.

Kiɗa ya kusa ƙarewa. Zulema ta sauke goran daidai tsayin 'yarta. Farin dokin ya taho. A bayansa ta ga mai rigar sanyi ta saki hannu ɗaya daga sanda, ta ɗaga shi kaɗan. Yatsun Amparo suka taɓa ƙarfen, sai hannun Zulema ya yi sama da kansa, ya wuce kan 'yarta, ya sauko a hankali gaban ɗayar. Zoben ya fita da ɗan ƙara.

Wurin ya kaure da tafi. Yarinyar ta sauka ta tsaya da zoben a tafin hannu kamar an ba ta ajiyar ƙwai, Pocha ta sunkuya tana gaya mata cewa gida za ta tafi da shi, ta dawo da shi ranar Lahadi.

Amparo ta sauko ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya gaban uwarta, fuska a murtuke.

"Kin ce nawa ne."

Zulema ta ajiye goran.

"Na taɓa shi, Mama. Ke kika ɗage."

A lokacin ne yatsan ya fara zafi, wani zugi mai bin hannu har kafaɗa. Ta san fuskar nan sarai, sai dai ba ta taɓa ganinta daga wannan gefen ba. Ta durƙusa, ta ɗora hannu a kan Amparo, ta nemi abin da za ta ce. Babu komai a bakinta sai abu ɗaya.

"Lahadi mai zuwa, 'yar mama."

Muryarta ta karye a tsakiya. Etchegaray ya matso yana naɗe abin awonsa, ya yi gyaran murya.

"Gobe da wane lokaci zan turo motar?"

Doña Herminia ta cika ƙwaryar da ruwan zafi, ta miƙa masa.

"Ba ka ji ta ba?" ta ce.